Bazazzagi Ya Sayi Shara Da Dala

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa, Dakta ɗan Zagezagi, mazaunin Baltimore ta ƙasar Amurka. Ina fatan sanyin can bai ƙarasa daskarar da ɗan abin da ya rage a kanka ba.

Saƙonka ya same ni ranar Asabar da hantsi ina zaune a rumfa a Kwari. Bidiyo ne na minti bakwai. Ka sa farar safar hannu kamar mai shirin yi wa sarki tiyata, ka ɗago wani ɗan kwali da bai cika tafin hannu ba, kana magana ƙasa-ƙasa kada ya farka. A bayanka katan goma sha biyu ne jibge har sun toshe taga. Ka ce katunan 'yan wasan besbol ne, tsofaffi, ka tsince su a araha wajen wani dattijo da ke kwashe shirgin garejinsa, dala 400 kacal, kuma nan da shekara biyar za ka ajiye alli ka huta. Sannan ka ce in ina so in zuba jari ƙofa a buɗe take, "don matana ma ya yarda harkan zai yi kuɗi." Shekara goma sha biyar kana Amurka, Turanci ya zauna daram, amma har yau matarka "ya" ce. Allah ya shiryi Zazzau.

Ka san kuwa labarin ya riga ya kai gida? Da Hajiya ta ji ɗanta ya shiga harkar kati, kwana ta yi tana salati, ta ɗauka karta ce. Ni na tashi takanas na je Zariya na kwantar mata da hankali. Na ce Hajiya ki huta, wannan ba caca ba ce, don a caca wani lokaci akan ci.

Duk da haka Bakano ba ya raina kasuwa sai ya zaga ta. Na yi kwana uku ina bin diddigin abin nan, na sa yaron shagona yana karanto mini ina lissafi. Na fara da wasan kansa: mutum ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki, ya yar da kulkin ya ruga a guje, ya zagayo fili ya dawo daidai inda ya tashi, jama'a su ɗau tafi. Wasan da babbar nasara a cikinsa ita ce ka koma inda ka fito. Nan na gane abin da ya burge ka.

To amma kuɗin da ka ji ana faɗa gaskiya ne, ba zan ci amanar lissafi don in ƙuntata maka ba. Abin da ba ka tsaya ka tambaya ba shi ne wane kati ne ke kuɗin, kuma me ya sa.

Asalin katunan nan ko kayan sayarwa ba ne. A shekarun 1880 kamfanonin taba sigari na Amurka ke cusa ɗan kwali a cikin kwalin taba don kada karan ya karye a aljihu, sai suka ga gara a buga hoton wani sananne a kai ya zama talla. Wato gyara ne, irin wanda mai ƙosai ke ɗora maka a sama. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da jerin katuna sama da 500, waɗanda masu harkar ke kira T206. A cikinsu akwai na wani ɗan wasan Pittsburgh mai suna Honus Wagner. Ana fara rabawa Wagner ya ce a cire hotonsa. Wasu sun ce ba ya so yara su riƙa sayen taba saboda shi, wasu sun ce kuɗin da aka ba shi ne bai yi masa ba. Ni a matsayina na ɗan kasuwa na san ɓangaren da zuciyata ta karkata, tunda shi kansa mutumin yana taunar taba. Ko ma mene ne, an tsayar da bugawa, kuma yau waɗanda aka san suna nan a duniya ba su wuce hamsin zuwa sittin ba.

Saurari yadda farashin wannan ɗan kwali ya yi ta hawa. Da can an ƙiyasta shi dala 50, mutane na ganin hauka ne. A 1985 wani dillali mai suna Bill Mastro ya sayi wani mai kyau daga cikinsu a kan dala 25,000. Bayan shekara biyu ya sayar dala 110,000. A 1991 aka kai shi gwanjo, shahararren ɗan wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, Wayne Gretzky, da abokin cinikinsa suka biya dala 451,000. A 2000 ya haura dala miliyan ɗaya. A 2007 ya kai miliyan 2 da dubu 800. Kati ɗaya fa, wanda in iska ta taso sai ka bi shi da gudu.

Ga inda labarin ya yi mini daɗi. A 2013 Mastro ya tsaya gaban alƙali ya amsa da bakinsa cewa ya datse gefunan katin nan don su fito tsaf kamar sabo. Ya kuma amsa cewa a gwanjon kamfaninsa ana sa 'yan gida su riƙa taya kaya na ƙarya don farashi ya tashi. Aka ɗaure shi wata 20. Kati mafi suna a duniya, wanda shi ne na farko da kamfanin tantancewa na PSA ya duba ya ba maki 8 cikin 10, ashe an yi masa aski. Ku Zagezagi kullum kuna yawo da bakinku wai Kanawa ne suka ƙago algus. To ga Bature ya yi algus da abin yankan takarda, ya kuma yi ta a kan miliyoyi. Mu iyakarmu a ɗan ɗaga gindin mudu.

Kuma wannan tonon silili bai karya kasuwar Wagner ba. A 2021 an sayar da wani dala miliyan 6 da dubu 600. A 2022 wani ya tashi a miliyan 7 da dubu 250, alhali makinsa 2 ne cikin 10. Dakta, ɗalibin da ya ci 2 cikin 10 a ajinka me kake yi masa? A garin da kake zaune ma, a 2010, wasu mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika sun gaji wani Wagner daga ɗan'uwan ɗayarsu, duk ya yamutse, an yanke masa gefe, amma ya kawo musu sama da dala dubu 200. Su da suka rabu da duniya, duniya ta biyo su har ɗaki. Kai da ka bi ta da safar hannu, ta bar ka da katan goma sha biyu.

Sai na biyu, wanda na ji kana ambaton sunansa a bidiyon kamar sunan waliyyi: Mickey Mantle na ƙungiyar New York Yankees, katin kamfanin Topps na 1952, mai lamba 311. A lokacin Topps kamfanin cingam ne. Yaro ya ba da senti biyar a miƙo masa ƙunshi, cingam a ciki da 'yan katuna. Wani ma'aikacinsu, Sy Berger, shi ya tsara katunan wannan shekara a kan teburin kicin ɗinsa. Rukunin ƙarshe, wanda Mantle ke ciki, ya fito a makare, kakar wasa ta kusa ƙarewa, hankalin yara ya koma wani wasan. Kaya suka yi kwantai a sito shekara da shekaru. Berger da kansa ya ba da labarin cewa wajen 1960, da ya rasa yadda zai yi da su, sai ya ɗauki hayar jirgin ruwan kwasar shara ya loda ɗaruruwan katan, aka shiga tekun Atlantika aka juye. Waɗanda suka tsira daga teku suka faɗa hannun yara. Yara kuwa ka san halinsu: wasu suka maƙala su a wayoyin ƙafar keke don ya riƙa ƙara kamar babur, yadda ni da kai muka yi da kwalin sukari, wasu suka ɗaure su da roba suka cusa a aljihun wando. Ragowar, ranar da yaro ya girma ya bar gida, uwarsa ta share ɗaki ta haɗa da kwalin takalmin da ya tara su ta kai bola.

Shi ya sa a watan Agusta na 2022 da aka fito da wani Mantle da ya tsallake teku, ya tsallake keke, ya tsallake tsintsiyar uwa, mai maki 9.5, aka saye shi dala miliyan 12 da dubu 600. Mai shi ya saya ne a 1991 a kan dala 50,000. Na buga a kalkuleta, ninki 252 ne. Ka san sana'ar mutumin? Kamfanin kwasar shara gare shi a New Jersey. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon abin da jama'a ke zubarwa, shi ya gane abin da ya kamata a ajiye. Kai kuma da digiri uku ka je ka kwaso abin da ya kamata a kira shi ya ɗauke.

Don na tsayar da bidiyon naka, na sa yaro ya zuƙo mini rubutun jikin katan ɗin. 1988. 1989. 1990. 1991. Inna lillahi.

Bari in yi maka karatun da ba a yi a Samaru. Tun daga 1956 Topps ke cin kasuwar nan kusan ita kaɗai, sai da kotu ta shiga maganar, a 1981 Fleer da Donruss suka shigo. Daidai lokacin ne yaran 1950 suka zama magidanta masu albashi, suka fara neman katunan da iyayensu mata suka zubar, farashi ya fara tashi, jaridu suka ɗauka. A 1984 har mujallar farashi ta wata-wata aka fara bugawa, Beckett, yara na duba ta kamar yadda muke duba canjin dala a Wapa. Kowa ya ce to, ashe kati dukiya ne. Uba ya daina barin ɗansa ya taɓa kati da hannu. Aka riƙa sayen katan-katan ana ɓoyewa a gareji ba a ko buɗe ba, wai kuɗin makarantar yara ne nan gaba. Kamfanoni kuwa da suka ga haka suka saki injin buga takarda dare da rana. Score ta shigo a 1988, Upper Deck a 1989. Aka buga katuna har ba wanda ya san adadinsu. Sai a watan Agusta na 1994 'yan wasa suka tafi yajin aiki, aka soke gasar ƙarshe ta shekara, abin da ba a taɓa yi ba tun 1904. 'Yan kallo suka yi fushi, kasuwa ta rufta, shagunan kati suka yi ta rufewa. Su kansu Amurkawa sunan tarkace suka laƙaba wa katunan wannan zamani. Dattijon da ya sayar maka ba araha ya yi maka ba. Shekara talatin yana neman wanda zai kwashe masa su kyauta, sai Allah ya jefo masa Bazazzagi har da ƙarin dala 400. Ina jin daren nan bai yi barci ba don murna.

Ka je Dawanau ka ga masu ɓoye hatsi. Wanda ya cika sito da gero da kaka, yana cin riba da bazara ne saboda sauran jama'a suna ta cinye nasu. Kullum aka ɗora tukunya, geron duniya na raguwa, nasa na ƙara daraja. Kati kuwa ba a tuwo da shi. Na Wagner ya yi kuɗi don an hana buga shi, na Mantle don an zubar da shi a teku. Naka kowa ya ɓoye, kowa ya lulluɓe da leda, yau ga su nan miliyoyi sababbi fil, kowane gareji da nasa, mai sayarwa ya fi mai saye yawa. Ko jeren kwallar da Hajiya ta tara a ɗaki ya fi su, don ranar suna akan zuba tuwo a ciki.

Na ji ka daga baya a waya kana kare kanka, wai akwai Ken Griffey Jr. a ciki, kati mai lamba 1 na Upper Deck na 1989, kuma ka ga ana sayar da shi sama da dala dubu. Gaskiya ne, amma mai maki 10. Masu tantancewar nan abu huɗu suke dubawa da madubin ƙara girma: ko hoton ya zauna a tsakiya, ko kusurwoyi huɗu na da kaifi, ko gefe bai karce ba, ko fuskar ba ta da tabo. Sai su rufe shi a cikin roba mai tauri su manna maki, daga nan ba mai sake taɓa shi har abada. Abin wasan yara ya koma gawa a cikin gilashi. Tsakanin maki 10 da maki 9 kaɗai farashi kan faɗo ninki da yawa, a kan wani ɗan lanƙwasa da idona da naka ba za su gani ba. Kai ka biya kuɗin tantancewa, ka biya kuɗin aikawa, ka yi wata biyu kana leƙa akwatin gidan waya, naka ya dawo da 6. Matarka ce ta gaya wa matata, kada ka tsaya neman wanda ya tona. Ta ce kuɗin awon ya kusa kamo kuɗin katin. An kai akuya asibitin kuɗi an yi mata hoton ƙirji.

Na san abin da ya ruɗe ka. Lokacin korona ne. Mutane na kulle a gida, gwamnati ta tura musu kuɗin tallafi, ba wasa a talabijin, sai kowa ya hau intanet yana taya kati. A watan Agusta na 2020 katin Mike Trout na 2009, wanda guda ɗaya tak aka buga, ya tashi a dala miliyan 3 da dubu 900. Ka lura da dabarar: kamfanoni sun koyi darasi, yanzu da gangan suke ƙirƙiro ƙarancin, su buga ɗaya su jefa cikin miliyoyin ƙunshi, jama'a su yi ta saye suna yagewa. In wannan ba caca ba ce to ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kada dai Hajiya ta ji. A 2021 katuna suka yi wa PSA yawa har ta dakatar da karɓar yawancin aiki na wani lokaci. Kantunan Target suka dakatar da sayar da katunan wasanni a cikin shago bayan wata rigima a wajen ajiye motoci a jihar Wisconsin, inda har aka zaro bindiga. Manya da gemu suna dambe a kan hoton wani ƙato riƙe da kulki. Daga 2022 zazzaɓin ya sauka, sababbin katuna da yawa suka zube, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka kama kai. Tsofaffin gaske, irin su Wagner da Mantle da Babe Ruth, su ne suka riƙe mutuncinsu. Wani katin Ruth na 1914, da wata jaridar garinku Baltimore ta buga yana ɗan saurayi, ya tashi a dala miliyan 7 da dubu 200 a ƙarshen 2023. Labarin ya iso ka ne bayan an ci kasuwa an watse, kamar yadda labari ya saba isa Zariya.

Mutum ɗaya na gani a duk tarihin nan da na ji ina girmamawa, kuma ba attajiri ba ne. Jefferson Burdick sunansa, ma'aikacin wata masana'antar kayan lantarki a Syracuse. Shi ya zauna ya rarraba katunan Amurka aji-aji ya ba su lambobi, wannan T206 ɗin ma daga littafinsa ta fito. Ya tara katuna da makamantansu wajen dubu 300, bai sayar ba, ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York kyauta. Ciwon gaɓoɓi ya nakasa masa hannu, amma ya ƙare shekarunsa na ƙarshe a wani lungu na gidan yana manna su cikin kundi ɗaya bayan ɗaya. Ya gama a farkon 1963, bayan wata biyu ya mutu. Da gam ya manna su, Dakta, gam! Masu ba da maki na yau in sun tuna sai hawan jininsu ya tashi. Shi son abin yake yi. Da ka ce mini kai ma sha'awa ce, kana jin daɗin kallon hotunan kana karanta bayan katin, da na ce Bazazzagi ne, a bar shi da abinsa, ba ya cutar da kowa. Amma kai da na tambaye ka mutum nawa ke buga wasan a kowane ɓangare, cewa ka yi sha ɗaya. Tara ne.

Na ga wasu ƙunshin ba a buɗe su ba. Topps ba ta daina sa cingam ba sai a farkon shekarun 1990, saboda masu tarawa sun yi ƙorafi yana ɓata musu kati. Wato a cikin katan ɗinka akwai cingam da ya girmi babban ɗanka nesa ba kusa ba. Na san halinka da abin banza, don Allah kada ka tauna.

Maganar jari kuwa, na gode da tayi. Mu da muke da Dala tun kafin Amurka ta buga tata, ba a koya mana inda ake sa ta. Amma ban bar ka haka ba, na yi maka cigiya. Mai ƙosan bakin layinmu ta ce sun yi ƙanƙanta kuma ba sa naɗuwa. Mai shayi ya ce zai karɓi katan biyu ya riƙa fifita wuta, in kai za ka biya kuɗin jirgi.

Watan cika-ciki ya kusa, kuma bana kuɗin shara ya hau kanka ta fuska biyu, tunda ga al'ada ga kuma sharar a ɗakinka. Kada ka ɓata bakinka da gardamar wa ke ba wa, ni dai na san wanda ke karɓar albashi da dala. Ka turo ta banki. In na ga ambulan ya iso da hoton wani Bature riƙe da kulki a ciki, Hajiya zan kai wa in ce mata karta ce.